Kar Ka Biya Kuɗin RAM Don Kawai Kwamfuta Ta Kunnu

Waɗanda suka san ni sun san waya nake gyarawa, amma a Katsina in dai kana riƙe da sukuddireba, har rediyo da kwamfuta za a kawo maka. Yau ina da magana a kan RAM na kwamfutar tebur, kuma na san wasu abokan sana'a ba za su ji daɗinta ba.

Wani dattijo mai shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura ya turo yaronsa da Dell OptiPlex 7010 a bayan mashin. Kwamfutar tana da 4GB, tana nauyi, sai wani ya ƙara mata 4GB, ta kunnu, Windows ta buɗe, aka biya shi ya tafi. Bayan kwana biyu ta fara kawo shuɗin allo tana mutuwa da kanta. Ana tsakiyar buga furojet ɗin wata ɗalibar Hassan Usman Katsina Polytechnic ta mutu, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Da dattijon ya iso da kansa sai ya ce mani, "Ɗana, bairos ne ko? An ce sai an goge ta gaba ɗaya." Na ce, "Baba, a bar ta ta kwana a nan tukuna." Kafin sallar isha'i gwaji ya cika allo da jan rubutu. Sabon RAM ɗin ne ke da ciwo. Saura ƙiris a goge mashi aikin shekaru a banza.

Ra'ayina shi ne: duk mai gyaran da ya sa RAM, ya ga tambarin Windows, ya miƙa hannu a ba shi kuɗi, bai gama aiki ba. RAM mai matsala yana iya kunna kwamfuta lafiya lau. Wurin da ya lalace ƙila yana can ciki, ba a taɓa shi sai ka buɗe CorelDRAW da Chrome da Word a lokaci guda. Kuma ba mutuwar kwamfuta kaɗai yake jawowa ba, yana iya lalata abin da kake ajiyewa shiru ba ka sani ba. Yawancin RAM da ke yawo a kasuwanninmu na hannu ne, an ciro shi daga tsofaffin kwamfutocin ofis na waje. Ba laifi ba ne, ni ma shi nake saye. Amma kayan da ba ka san tarihinsa ba ai gwada shi ake yi.

Tun kafin ka saya akwai abin dubawa. Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance sannan Memory. Za ka ga nawa kake da shi da gurbi nawa aka cike. In kana son cikakken bayani ka sauke CPU-Z, kyauta ce. DDR3 na tebur yana da ƙafa 240, DDR4 yana da 288, kuma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Na taɓa ganin gurbin da aka fasa saboda an danna da ƙarfin tsiya. Na laftof gajere ne, shi ma ba zai shiga ba.

Ga wanda ya fi kama mutane: karanta takardar da ke manne a jikinsa. In ka ga PC3-12800U, wannan U ɗin na kwamfutar gida ne. In ka ga R a ƙarshe, kamar PC3-10600R, na sabar ne. Zai shiga gurbin daram, yana da araha, yana da kyan gani, amma kwamfutar tebur ta yau da kullum ba za ta tashi da shi ba. Sannan in Windows ɗinka mai 32-bit ce, ko 16GB ka sa ba za ta yi amfani da abin da ya haura 4GB ba.

Sakawar ita ce mai sauƙi. Kashe, zare wayar wuta daga bango, danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wutar ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa RAM, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa, lokacin da kake jin tas in ka taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tas ɗin ya isa ya lahanta shi. Riƙe shi ta gefe, kar ka shafa zinaren ƙasan. Hure ƙurar gurbin, kun san ƙurar Katsina. Buɗe maƙallan, daidaita tsagar, danna gefe biyu har ka ji ƙas. In guda biyu ne kuma gurbi huɗu, sa su a masu launi ɗaya. In ka kunna tana ƙara ɗit-ɗit babu hoto, kar hankalinka ya tashi, sau da yawa bai zauna da kyau ba ne.

Yanzu gwajin. Na gaggawa yana cikin Windows: danna maɓallin Windows da R, rubuta mdsched, ka bari ta sake tashi ta duba kanta. Yana kama matsalar da ta fito fili, amma ni ban tsayawa a nan. Ina sa MemTest86 a filash, in tada kwamfutar daga kansa, in bar shi ya zagaya sau huɗu. Yana cin awanni. Kuskure ɗaya ya isa, babu wani "ai ƙarami ne". In ya fito, cire RAM ɗin ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka kuma canja gurbi, don wani lokacin gurbin ne ke da laifi.

Na san abin da za a ce: wa ke da wutar awa huɗu a jere, kuma wane kwastoma ne zai jira? Gaskiya ne, ni ma da sola nake yi, in babu rana sai in jira dare. Amma man janareta na awa huɗu bai kai kuɗin RAM ɗin ba, balle kwastoman da ya tafi ba zai dawo ba. Masu sayarwa kuma su daina cewa in ka fita daga shago shi ke nan. Ni sharaɗina da wanda nake saye a wurinsa kwana biyu ne, in gwaji ya nuna ja in mayar mashi da hoton allon a waya, ya canja. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ban sayen nashi.

Baban Ƙofar Ƙaura dai an canja mashi RAM ɗin da ƙyar, bayan kai-komo. Furojet ɗin ɗalibar kuwa sai da aka sake buga babi biyu daga takardar hannu, kuma shi ya ɗauki asarar.