Kafin Mu Ce Aljani Ne, Mu Nemi Inda Ke Masa Ciwo



Idan aka kwantar da yaro mai galahanga a asibiti, ya kama ihu, yana cizon hannunsa ko buga kai da bango, abin da ke saurin fita daga bakinmu shi ne "aljani". Wasu kuma su ce rashin tarbiyya ce. Duka biyun gaggawar yanke hukunci ce, kuma yaron ne ke shan wuyarta.

Galahanga yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Da yawa cikin waɗannan yara ba sa iya cewa "nan ke mini ciwo", sai jiki ya yi maganar da baki ya kasa. Shi ya sa likita mai lura yakan fara da neman abin da ke ɓoye: ciwon haƙori, ciwon kunne, rashin bayan gida, ƙwannafi, rashin barci, farfaɗiya, ko illar wani magani. Sannan ya dubi ɗakin kwanciyar: ƙarar janareta, hasken fitila, warin magani, da hannayen mutanen da yaron bai sani ba. Yaron da aka kawo daga Kusada zuwa Babban Asibitin Kankiya an raba shi da tabarmarsa, da kwanonsa, da lokacin da ya saba cin abinci. Wannan kaɗai ya isa ya birkita shi.

A Yohanna sura 9, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka shiga neman mai zunubi. Yesu ya ture wannan zargi, ya kula da mutumin.

To, in mun je dubiya, kada mu cika ɗaki da tafi da ɗaga murya. Mutum biyu sun isa, addu'a a hankali. Kada mu ɗaure shi, kada mu doke shi, kada mu ce a cire shi daga asibiti. Mu saurari mahaifiyarsa, domin ita ta san kukansa na yunwa da na ciwo. Mu taimaka mata ta rubuta wa ma'aikatan jinya: yaushe abin ya fara, me ya faru kafin nan, me ya kwantar da shi, yaushe rabonsa da barci da bayan gida.

Addu'a ba ta gaba da binciken likita. Ubangiji ya ba mu kunnen jin waɗanda ba sa iya faɗa. Amin.