Taron masu talla ta hanyar Google: an sayi rumfa, wa zai zauna cikinta?

A watan Oktoban 2024 kamfanin Semrush ya sayi Third Door Media, mai jaridar Search Engine Land da kuma taron SMX, ɗaya daga cikin manyan tarukan masu sana'ar talla ta injin bincike. A Nuwamban 2025 kuma Adobe ya sanar da cewa zai sayi Semrush ɗin kansa a kan dala miliyan 1900. Cinikin nan biyu sun dawo da wata tsohuwar tambaya: wane ne zai riƙa jagorantar taron, kuma wa zai yi wa biyayya?

Ga wanda bai san sana'ar ba, ita ce Faransawa ke kira référencement: dabarun da kamfani ke bi don sunansa ya fito a sama idan mutum ya nemi wani abu a Google, ko da kuɗi ko ba da kuɗi ba. Google ba ya bayyana dukan ƙa'idojinsa, shi ya sa masu sana'ar ke biyan kuɗi mai yawa su je taro, su ji abin da wasu suka gwada.

A nan jagoran taro yake da nauyi. Shi ke tsara batutuwa, shi ke zaɓen wanda zai hau mumbari, shi ke hana mai neman tallar hajarsa ya ɓata wa jama'a lokaci. Aikinsa ya yi kama da na dillali a kasuwar dabbobi: ba shi da saniya ko ɗaya, amma ranar da aka daina yarda da maganarsa, ciniki ya koma wani gefe.

An taɓa ganin haka. Danny Sullivan, ɗan jarida Ba'amurke, shi ya kafa Search Engine Watch, shi ne kuma ya tsara taron Search Engine Strategies, wato SES, tun zamansa na farko a San Francisco a 1999. A 2005 kamfanin Incisive Media na Ingila ya sayi jaridar da taron daga hannun Jupitermedia a kan dala miliyan 43. Sai dai ba su daidaita da Sullivan kan kwantiragi ba, kuma a Agustan 2006 ya sanar da tafiyarsa. Kafin shekarar ta ƙare ya buɗe Search Engine Land, a Yunin 2007 kuma ya yi taron SMX na farko a Seattle.

Incisive ya shiga neman magaji. A 2007 ya ɗauko Kevin Ryan daga duniyar kamfanonin talla, daga baya Mike Grehan ya karɓa. Dukansu sanannu ne a harkar, kuma SES ya ci gaba da tara mutane na wasu shekaru. Amma a 2014 an sauya masa suna zuwa ClickZ Live, SMX kuwa har yau yana nan da sunansa. A ganina, kuskuren Incisive ba wajen zaɓen magaji yake ba. Tun ranar ciniki ya yi shi, da ya ɗauka cewa abin da ya biya miliyan 43 a kansa suna ne da jerin adireshin mahalarta.

Matsalar yau ta fi waccan sarƙaƙiya. Incisive kamfanin buga jaridu ne, ba ya sayar wa mahalarta kayan aiki. Semrush kuwa manhajar wannan sana'a yake sayarwa, yana gogayya da Ahrefs da Moz. Duk wanda ya riƙe tsarin SMX dole ya yanke shawarar ko zai ba abokin hamayyar maigidansa mumbari, ko kuma mai jawabin da zai ce manhajar maigidan ba ta da amfani a wani aiki. Mahalarta za su lura, don su ma ƴan talla ne, sun san talla ko da ta sa rawani.

Shi kansa Sullivan ya bar aikin jarida a 2017 ya koma Google, kamfanin da ya shafe shekaru yana bin diddiginsa, abin da ya nuna yadda gidajen ke kusa da juna.

Sannan sana'ar kanta tana girgiza. Tun Mayun 2024 Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a Amurka, ta yadda mutum kan samu abin da yake nema ba tare da ya shiga shafin kowa ba. Wasu ma ChatGPT suke tambaya kai tsaye. Masu zuwa taro yanzu suna son wanda zai zaunar da wakilin Google a gaban jama'a ya tambaye shi ina baƙin shafukansu suka tafi, ya kuma sake tambaya idan aka kauce.