In kwatance ake so, a tashi daga Fachi

Duk sa'ad da aka taru a wani babban otal na Yamai domin tattauna ilimi da ci gaban ƙasa, sai an jawo mana Koriya ta Kudu. A ce a 1960 talaka ce kamar ƙasashen Afirka da dama, amma ta zuba ƴaƴanta makaranta, ga ta yau tana sayar wa duniya motoci da wayoyi. Sai a tafa, a karɓi kuɗin zama, a watse. Ba mai tashi ya tambaya ko wannan darasi zai iya ƙetare Tenere ya isa Fachi, garin gishiri da dabino da ke tsakanin Agadas da Bilma, mai mutane dubu biyu da ƴan kai.

Ba ƙin bincike muke yi ba. Abin da muke ƙi shi ne yadda ake tsame abin da ya dace da aljihun mai ba da rance, a bar saura. Tun daga shekarun 1970 masanin tattalin arzikin nan George Psacharopoulos, wanda ya daɗe yana aiki a Bankin Duniya, ya riƙa jera alƙaluman ƙasashe, ya fito da cewa kuɗin da aka sa a firamare ya fi riba a kan wanda aka sa a jami'a. A 1988 bankin ya fitar da rahoto kan ilimi a Afirka kudu da Sahara, ya ba da shawarar a rage abin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi. Mun san yadda wannan ilimi ya sauka a nan. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito suna adawa da tsuke bakin aljihu, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Daga 1998 aka fara cika azuzuwa da malaman sa-kai, sannan ƴan kwantaragi, masu ƙaramin albashi da gajeren horo. Yawan yara a makaranta ya ƙaru, gaskiya ne. Amma da aka yi gwajin PASEC a 2014, ko ɗaya cikin goma na masu gama firamare a Nijar bai kai mizanin iya karatu ba. A 2000 kuwa Bankin Duniya da UNESCO suka ɗauki nauyin wani rahoto da ya ce an yi sakaci da ilimi mai zurfi a ƙasashe masu tasowa. Su sun gyara littafinsu. Waɗanda aka yi gwajin a kansu fa?

To, a auna Fachi da wannan ma'auni na arha, a ga abin da zai fito. Koriya ƙasa ce ƙarama mai cunkoson jama'a, aji guda ya ɗauki yaran unguwa. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar, jama'arta kuma ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba a ƙidayar 2012. Alli, tebur, littafi, malamin kansa, duk sai sun ratsa rairayi ba kwalta kafin su kai Fachi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa aika kaya Kawar ya san kuɗin mota kan fi kuɗin kaya. Saboda haka ɗan makarantar Fachi zai fi na Maraɗi tsada har abada, kuma akawun da aka koya wa neman arha zai bar shi a ƙarshen layi kullum, ba don ƙiyayya ba, don haka lissafin ya ce.

In da gaske ana son kwatance, ga Botswana. Ƙasar hamada ce, ba ta da teku, jama'arta a warwatse, arzikinta a ƙarƙashin ƙasa. Lokacin da ta sami ƴancin kai a 1966, masu digiri 22 ake ƙirgawa a ƙasar duka, kwalta kuma kilomita 12. Ma'adanar lu'ulu'u ta Orapa ta fara aiki a 1971, shekarar da SOMAÏR ta fara fitar da yuraniyom a Arlit. Tare aka tashi tseren. Orapa tana cikin ƙasar Bangwato, ƙabilar shugaba Seretse Khama, amma shi da kansa ya sa aka mayar da haƙƙin ma'adinai hannun ƙasa baki ɗaya a 1967. Daga baya gwamnatinsa ta ƙwato rabin hannun jari daga De Beers, aka soke kuɗin makarantar firamare a 1980, aka kai makarantu da asibitoci har ƙauyukan bakin Kalahari. Botswana ba aljanna ba ce: an tashi Basarwa daga mazauninsu har sai da kotu ta ba su gaskiya a 2006, kuma dogaro da dutse guda yana da nasa haɗari. Amma can, da tsakiya ta karɓa, ta mayar.

A nan tsakiya ta karɓa, ta gina kanta. Albarkar yuraniyom ta ƙarshen shekarun 1970 ta bar wa Yamai otal Gaweye da Palais des Congrès, ta shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, wato daidai inda motocin ma'adini ke bukata. Tawayen arewa da ya kai ga yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da na MNJ daga 2007 zuwa 2009, ba daga sama suka faɗo ba. Jami'a ma sai 2014 Agadas ta samu. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga domin ƙananan hukumomin jihar da ake haƙo, kuma Fachi tana cikinsu. COMINAK ta rufe a 2021, an mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a 2025. Madalla. Sai dai Khama ya nuna cewa karɓe rijiya rabin aiki ne, sauran rabin shi ne wa ke sha.

Abin takaici, an yi bincike a kan Fachi kanta. Masanin nan Peter Fuchs ya zauna da Barebarin garin, ya fitar da littafi a 1983 kan yadda suke musayar kantun gishiri da dabino da geron da ayarin Buzaye ke kawowa. Da Jamusanci aka rubuta shi, harshen da ɗan Fachi bai ji ba, ma'aikacin ofishin tsare-tsare ma bai ji ba. Mutanen da suka iya lissafin da ya ciyar da gari ƙarni bayan ƙarni a wurin da gero ba ya tsira, su ne takardunmu ke kira jahilai.

Ma'aikatan baitulmali suna karanta wannan jarida. Muna roƙonsu su buga, shekara bayan shekara tun 2006, nawa ne kashi 15 ɗin nan ya kama, nawa ya isa Fachi, kuma aji nawa aka gina da shi.