Uzurin Nas Ranar Hazo Da Ranar Ambaliya

Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya lokatai, wanda ya sanya damina da kaka, ya sanya hunturu da bazara. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata mas'ala da muke so mu duba yau, wadda malamai ba su cika zama a kanta ba, hukuma kuwa ba ta tuna ta sai ran da ta auku. Ita ce mas'alar nas wadda gari ya waye mata aikin safe yana kanta, ta buɗe ƙofa ta tarar hazo ya rufe gari har ba ta hangen gidan da ke ƙetaren titi, ko kuwa ruwa ya kwana yana zuba, kwalbatin unguwa ta nutse. Shin ta fita, ko ta koma ɗaki? In ta zauna, wa ke da alhakin majiyyatan da ke jiranta? In kuwa ta fita ta halaka, wa ke da alhakinta? Mun ce "ta" domin mata sun fi yawa cikin wannan aiki, amma hukuncin ya haɗa da maza.

Kada wani ya ce wannan zancen ƙasashen ƙanƙara ne. Lalle can abin ya fi tsanani. A ƙarshen watan Fabrairu na 2018 ƙanƙara ta toshe hanyoyin Ingila, har sai da soja suka riƙa ɗaukar ma'aikatan asibiti cikin motocinsu, waɗansu nas-nas kuwa suka kwana a asibiti don kada safiya ta yi ba su nan. A birnin Bafalo na Amurka, cikin Disamba 2022, guguwar ƙanƙara ta kashe mutum sama da 40, cikinsu har da wata budurwa mai koyon aikin jinya da ta rasu cikin motarta a hanyar komawa gida daga wurin aiki. Mu a Kaduna Allah bai jarrabe mu da wannan ba, amma ya jarrabe mu da namu guda biyu.

Na farko shi ne hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga wani busasshen kwari a ƙasar Cadi da ake kira Bodele, ta zube mana ita a ka. Ran da hazo ya yi kauri jiragen sama ma kan fasa sauka. Wanda ya hau babur da asuba daga Rigasa ko Mando ya san yadda sanyin nan ke shiga ƙashi, ya kuma san fitilar mota ba ta huda ƙura. Abin da ya kamata a lura da shi kuwa shi ne, ranar da hanya ta fi wuya ita ce ranar da asibiti ya fi cika. Sanyi ke tayar da ciwon masu amosanin jini, ƙura ke tayar da na masu asma, jarirai da tsofaffi su kamu da ciwon haƙarƙari, ga yaran da suka ƙone wajen jin ɗumi. Kafin hazo ya wuce kuma lokacin sanƙarau ya kama, kuma manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kashe mutum fiye da dubu 11 a ƙasar nan, galibinsu a Arewa.

Na biyu shi ne ruwa, kuma shi ne mai kisa nan take. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, saboda haka ya kan cika ya batse ko da sama ta yi garau a nan, domin ruwan da aka yi can yana tafe. Ya yi ambaliya mai yawa a watan Satumba na 2003, ya sake a 2012, ya kuma sake a Satumba 2015, mutanen titin Abubakar Kigo da sauran na bakin kogi su ne shaida. Ga shi kuma kogin ya raba garin biyu. A arewa akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, wanda tsofaffin gari suka sani da Nasin Hom, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da na Kawo, da asibitin soja na 44, da asibitin ido na ƙasa. A kudu akwai na Gwamna Awan da na San Jarad a Kakuri, da asibitin masu taɓin hankali a Barnawa. Tun rikicin shekarar 2000 mutane suka riƙa zaɓen unguwar zama bisa inda hankalinsu zai kwanta, ba bisa kusanci da wurin aiki ba. Sai ka ga mai kwana a Sabon Tasha tana aiki a Tudun Wada, mai kwana a Kawo tana aiki a Kakuri. Sau da yawa ma ba babban kogin ke tare ta ba, ɗan rafin bayan gida ne da ya haye kwalbati.

To, mene ne hukunci? Shari'a ba ta jahilci ruwa da sanyi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya an yi rangwame a haɗa Magariba da Lisha a masallaci daren da ake ruwa, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya sani. An yarda wanda ya ji tsoron ruwan sanyi zai cuce shi ya yi taimama. Shaihu Halilu kuma, cikin Muhtasar, da ya zo lissafa uzurorin da ke sauke wa mutum zuwa Juma'a, ya ambaci ruwa mai ƙarfi da taɓo mai tsanani, kana a wuri guda ya ambaci jinyar mara lafiya. A duba wannan da kyau. Ruwa uzuri ne na barin Juma'a, jinya ma uzuri ce ta barin Juma'a. Ashe ke nan jinya tana da nauyin da za a ajiye mata salla mafi girma a mako. Dalili kuwa a fili yake. Salla haƙƙin Allah ce, Shi kuwa mawadaci ne, wanda ya rasa Juma'a ya yi Azahar a ɗakinsa. Jinya haƙƙin bawa ce, bawa kuwa mabukaci ne, ba a yi wa mai naƙuda jinya daga ɗaki, ba a kuma rama allurar asuba da la'asar.

Saboda haka muna ganin uzurin nas ya fi na sauran ma'aikata ƙunci. Akawu in ya makara, takarda ta jira shi. Nas in ta makara, mutum biyu ke jiranta: majiyyaci, da 'yar'uwarta da ta kwana tana aikin dare, wadda ba ta da ikon tashi sai ta miƙa aiki hannu da hannu. Wannan ta biyun ita ake mantawa. Ta kwana a tsaye, idonta ya yi nauyi, 'ya'yanta na gida ba wanda zai shirya su makaranta, kuma a irin wannan gajiya ne hannu kan kuskure awon magani. Jinya farilla ce ta kifaya a kan jama'a, watau in waɗansu sun tsaya da ita ta sauka daga kan saura, amma wadda aka rubuta sunanta a takardar aiki ta ranar, ta kuma ci albashi a kan haka, ta zame mata tilas ita kanta. Sanyi kawai ba uzuri ba ne. Hazo kawai ba uzuri ba ne, sai dai ta yi sammako, ta rufe hanci, ta hana mai babur gudu.

Amma ruwa mai gudu a bisa hanya uzuri ne cikakke, kuma ba mu tare da masu yabon wadda ta tattare zane ta shiga. Ba a san zurfinsa ba, ba a san ko kwalbatin tana nan ƙarƙashi ko ta tafi ba. Ranta amana ne kamar ran majiyyaci. In ruwa ya ci ta, ɗakin da ya rasa ta yini guda ya rasa ta har abada. Abin da ke kanta a nan shi ne ta aika da labari tun da wuri, wayar hannu ga ta a kowane gida, ta kuma fito da zarar ruwa ya janye, kada ta mai da awa biyu yini.

Sai dai duk wannan hukuncin bayan aukuwa ne, kuma mun ga rashin adalci a bar mace ɗaya a bakin ƙofa cikin duhun asuba ta yanke shi ita kaɗai, tana auna ranta da takardar tuhuma. Farillar kifaya ai a wuyan shugabanni take fara sauka. A da, in an gina asibiti a kan gina gidajen ma'aikata a jikinsa, nas ta taka da ƙafa. Gari ya faɗaɗa, ma'aikata sun yi yawa, gidajen ba su ƙaru daidai da su ba. Asalin abin kuwa tsoho ne. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, wanda aka yi cikin sanyi da iska mai tsanani, Rufaida tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah ya yarda da su, domin ya kasance kusa. Mai jinya da majiyyaci wuri ɗaya suke.

Ba mu ce a gina wa kowace nas gida ba, mun san aljihun gwamnati. Amma ɗaki guda mai tsabta, mai makulli, da gadaje da bargo da abin dafa shayi, ba zai gagari kowane asibiti ba. Hukumar duba yanayi ta ƙasa, NiMet, tana sanar da zuwan hazo da ruwa mai yawa kafin su zo. In sanarwa ta fito, sai metiran ta nemi masu aikin safe na nesa su kwana, a biya su ladan kwanan, a kuma saka musu da hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Motar asibiti kuma a sa mata wuraren tsayawa sanannu, ɗaya a Kawo, ɗaya a Rigasa, ɗaya a ƙetare, kowa ya san sa'arta.

Akwai kuma wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Asibitocin Tudun Wada da Kawo da na Gwamna Awan a Kakuri duk na gwamnatin jiha ɗaya ne. Me zai hana a rubuta ƙa'ida cewa ran da hanya ta yanke, nas ta kai kanta asibitin gwamnati mafi kusa da gidanta, a rubuta ta ta zo aiki? Ta Sabon Tasha ta tsaya a kudu, ta Kawo ta tsaya a arewa, kowace ta toshe gurbin 'yar'uwarta. Za a ce ba ta san ɗakin ba, ba ta san majiyyatan ba. Gaskiya ne, amma ta san sa ƙarin ruwa, ta san awon jini, kuma baƙon hannu ya fi babu.

Abin da ya sa muka matsa a kan wannan, nas-nas ƙaranci suke yi. A 2024 hukumar rajistar nas-nas da ungozoma ta ƙasa ta bayyana cewa dubu 42 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuma kuɗin mota ya ninka, ran da ake ruwa kuwa mai a-daidaita-sahu abin da ya ga dama yake yanka. Ɗakin da mutum huɗu suka kamata su riƙe, in biyu ke riƙe da shi, rashin ɗaya rabin aiki ne. Saboda haka muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ƙungiyar nas-nas su zauna tun sararin sama yana garau, su rubuta wannan ƙa'ida a takarda guda, da lambar wayar da za a kira, a manna ta a ƙofar ofishin kowace metiran kafin Nuwamba, a sake duba ta kafin Agusta.