Ra'ayi: Kafin a hana jirgin ƙasa busa oda, a fara gyara mararraba

Duk wanda gidansa ke kusa da layin dogo ya san yadda odar jirgi ke tsinka barci da tsakar dare. Mutane da yawa na ganin mafita ita ce a hana direba busawa. Amurka ta gwada hakan, kuma ta ji a jikinta.

A 1984 jihar Florida ta bai wa garuruwa damar hana busa oda da dare a layin kamfanin Florida East Coast. Haɗurran dare a waɗannan mararrabai suka kusan ninkawa sau uku, har hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, FRA, ta soke hanin a 1991.

Dokar da hukumar ta fitar a 2005 ta tilasta wa direba ya fara busawa daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya isa mararraba, da ƙarfin desibel 96 zuwa 110. Amma ta bar ƙofa: gari na iya neman a mai da wani yanki na shiru, in ya maye gurbin odar da kayan kariya. Daga ciki akwai shinge huɗu masu rufe hannun shiga da na fita, da ginin tsakiyar titi da ke hana mota kewaye shingen.

Fasahar da ta fi dacewa a ganina ita ce odar da ake kafawa a kan sanda a bakin mararraba. Na'ura ce ke gano tahowar jirgi ta kunna lasifikar, wadda ke fuskantar motoci kai tsaye. Direban mota ya ji gargaɗi, unguwar da ke nesa ta yi barcinta. Sai dai tana buƙatar wuta da kulawa, domin lasifikar da ta mutu ta fi babu hatsari: mutane sun riga sun dogara da ita.

Darasin ya shafe mu. A Maris 2023 jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan gwamnati a wata mararraba a Ikeja, aka rasa rayuka. Yanzu da ake shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi, lokacin tsara shinge masu sarrafa kansu da gadojin sama ke nan, tun gidaje ba su kewaye layin ba. Inda babu waɗannan, a bar direba ya ci gaba da busawa.