Ibrananci Ya Cancanci Kujera a Jami'ar Lafiya

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011, a garin da Barebari da Eggon da Alago suke cin kasuwa ɗaya, Musulminsu da Kiristansu, nake ganin ya kamata a ba tsohon Ibrananci, harshen Attaura da Zabura, kujera a gefen Larabci, kada a bar shi ga makarantun horar da limaman coci kaɗai, irin ta Bukuru.

Wanda ya ce wannan fanni bai shafi almajirin zaure ba, ya duba tarihi. Malaman Yahudawa da suka tsara ƙa'idojin Ibrananci a Andalus, wato Yahuza Hayyuj a ƙarni na 10 da Ibn Janah bayansa, da Larabci suka wallafa littattafansu, kuma daga nahawun Larabawa suka ari mizanin da ya nuna musu cewa asalin fi'ili haruffa uku ne. Saboda haka ɗalibin da ya sha sarfu a gaban malaminsa, ya haddace awon fi'ilai yana tanƙwashe a kan buzu, ya riga ya ci rabin tafiya, alhali abokinsa da ya taso da fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta 1932 ya san ƙissoshin amma bai taɓa ganin nassin ba. A zaunar da su aji ɗaya, malami guda ma ya isa a fara.