Gyangyaɗin Direba Da Hakkin Wanda Ya Karye

Wani malamin makaranta ya rubuto mini takarda mai ban tausayi. Ya ce ƙanensa tela ne, ya shiga motar haya daga Kaduna za shi Kano sarin yadi. Sun wuce Zariya da asuba, sai direba ya yi gyangyaɗi, mota ta saki hanya ta faɗa rami. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma tela ya karye a hannun dama, yau wata biyu ko almakashi ba ya iya riƙewa. Mai mota ya aiko da gaisuwa da ɗan abin sayen magani. Dattawan unguwa suka ce a bar wa Allah, ƙaddara ce. Malamin yana tambaya, in sun nemi hakkinsu, sun yi jayayya da ƙaddara ke nan?

To, Malam, ƙaddara gaskiya ce, ba Musulmin da zai musa. Amma Shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara, ita ce kuma ta ajiye diyya a kan kisan kuskure, raƙumi 100 ko dinari 1,000. Ta kuma yanka wa gaɓoɓi nasu: hannun da aka cire ko ya mutu rabin diyya, yatsa raƙumi 10, haƙori 5. Wanda duk ya karanta Risala ya san mahayin dabba, da mai janta, da mai korarta, su ke ɗaukar nauyin abin da ta taka. In wannan ne hukuncin jaki, ina ga mota cike da mutane?

Waɗansu kan ce barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Ni ban yarda ba. Barci yakan aiko da manzanni tun daga nesa. Hamma ta zo, ido ya yi nauyi, mutum ya wuce gari bai san ya wuce ba. Direban da ya ga waɗannan, maimakon ya ratse ya kwanta, sai ya ɓara goro ya ƙara wuta, ai da saninsa ya yi. A 1997 waɗansu masu bincike a Ostareliya suka gwada, suka tarar wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da hannunsa sun yi rauni kamar na wanda ya sha giya. Abin mamaki, ba mai shiga motar mashayi da saninsa, amma direban da ya kwana tuƙi ya juyo da safe, shi mu ke wa kirari a tasha.

Ku yi lissafi, ku malamai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a kowace daƙiƙa. In ido ya rufe daƙiƙa 4 kaɗai, ta yi mita 111 ba mai tuƙa ta. Don haka ne haɗarin barci ya kan fi muni, gama mai barci ba ya taka birki. Wannan kuwa shaida ce a gaban alƙali: hanya miƙaƙƙiya, ba ruwa, taya ba ta fashe ba, ba sawun birki a kwalta.

Sauran maganar ta dokar ƙasa ce. Tun 1945 aka yi doka a Nijeriya cewa kowace mota sai da inshorar da za ta biya wanda ta yi wa ɓarna, fasinjan da ya biya kuɗin mota kuwa yana cikin waɗanda aka yi wa wannan tanadi. A Janairu 2023 hukumar inshora ta ƙara kuɗin ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Watau masu mota suna biya kowace shekara, mu kuwa muna jin kunyar karɓa. Sai dai a bincika tukuna, don takardun jabu sun yi yawa. In ta jabu ce, hakki bai faɗi ba, gama ubangidan direba yana ɗaukar laifin da yaronsa ya yi a bakin aiki.

Abin da ke kashe irin wannan ƙara shi ne rashin takarda. Ku nemi rahoton 'yan sanda, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra in jami'anta sun je wurin, da takardar likita mai faɗin yadda hannun ya ke da yadda zai kasance. Ku adana kowane rasit, har na bandeji. Ku nemi fasinja biyu ko uku da suka ga direba yana rangaji, ku tambaya a tasha yaushe ya iso, yaushe ya sake lodi. Tela kuma ya fito da littafin ɗinkinsa, don kotu takan duba abin da mutum ya ke samu da, da abin da ya rasa. Kada ku yi nawa, doka ta iyakance wa ƙara lokaci; in da motar gwamnati ce ma, wata 3 kaɗai dokar kare ma'aikata ta bayar. In ba halin ɗaukar lauya, akwai hukumar ba da lauya ga marasa ƙarfi, wadda aka kafa a 1976.

Ban ce kada a yi sulhu ba, sulhu alheri ne. Amma kada tela ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba, kada kuma ya yafe kafin ya san yawan abin da ya ke yafewa. Yafiya tasa ce shi kaɗai. Dattawan da suka ce a bari, Allah ya saka musu da niyyarsu, amma ba su za su ciyar da 'ya'yansa ba in hannun ya ƙi.

Malam, ka gaishe mini da mai jiki. In kun ga lauya, ka rubuto ka faɗa mana yadda kuka yi da mai motar.